Gidajen da Fitilunsu ke Bin Kiɗa, da Akwatin Taimako a Bakin Ƙofa

Ranar 6 ga Disamba, 2005, saura kusan mako uku a yi Kirsimeti, wani injiniyan lantarki mai suna Carson Williams ya kashe fitilun gidansa da hannunsa. Wuta tana nan, na'urorinsa ma lafiyarsu ƙalau. Hatsarin mota aka yi a unguwarsu da ke garin Mason a jihar Ohio ta Amurka, jami'in tsaro kuma ya kasa isa wurin saboda layin ya cushe da motocin 'yan kallo. Tun da farko Williams ya yi wa maƙwabtansa alkawarin cewa duk ranar da adonsa ya zame musu fitina zai rufe. Ranar ta zo, ya cika alkawari.

Abin da ya tara jama'ar kuwa bidiyo ne na minti uku da aka ɗauka a shekarar 2004. Gida ne a cikin duhu, sai kiɗan "Wizards in Winter" na ƙungiyar Trans-Siberian Orchestra ya tashi, tagogi su haska, rufi ya amsa, ƙananan bishiyoyin da aka jera a farfajiya su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan amshi suna karɓa wa makaɗi. Fitilu 16,000 ne, an raba su layi 88, kowane layi kwamfuta ce ke gaya masa lokacin kunnuwa, lokacin dushewa da lokacin mutuwa. Da bidiyon ya bazu a intanet a ƙarshen 2005, mutane da yawa sun rantse haɗin kwamfuta ne, babu gidan da zai yi haka. Amma gidan na gaskiya ne. Har wani kamfanin giya ya ɗauki gidan ya yi talla da shi a talabijin.

Daga wannan gida ne dubban magidanta a Amurka, Kanada, Birtaniya da Ostireliya suka kamu da abin. Da yawansu kuma sun ƙara wani abu da ya sauya ma'anar aikin baki ɗaya: akwati mai kwado a bakin titi, da allo ɗauke da sunan asibitin yara, ko gidan marasa matsuguni, ko rumbun abincin mabuƙata.

Ado da fitilun lantarki a wannan biki tsohon abu ne. A Disambar 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya rataya ƙwayaye 80 ja da fari da shuɗi a bishiyar Kirsimeti ta gidansa da ke New York, a zamanin da sauran mutane kyandir suke dasawa a reshe, gobara na cin gidaje. Sabon abin shi ne sa wutar ta bi kiɗa, kuma nan ne wahalar take.

A zamanin bidiyon Williams, igiyar fitila guda abu ɗaya ce: ko ta kama gaba ɗaya, ko ta mutu gaba ɗaya, launinta kuma shi ne wanda aka sayo ta da shi. Yau masu wannan sana'a sun koma ga abin da suke kira fiksel. Kowane ƙwai yana da 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa a cikinsa da fitilu uku, ja da kore da shuɗi, kowace tana da matakin haske 256, don haka ƙwai ɗaya na iya ba da launuka sama da miliyan 16 ba ruwansa da na kusa da shi. Saƙo yana shiga ta farkon igiyar, ƙwan farko ya cire nasa ya miƙa sauran ga na gaba, haka har ƙarshe. Amfanin a fili yake, amma illar ma tana nan: ƙwai ɗaya ya lalace a tsakiya, duk na bayansa su rikice, maigida ya fito da tocila cikin sanyin da ke daskarar da ruwa yana neman mai laifi a cikin dubbai.

Lissafin yana da ban tsoro. Gida mai fiksel 5,000, wanda a wannan duniyar matsakaici ne, yana da layi 15,000. Idan aka saita shi ya sauya sau 40 a daƙiƙa, kamar yadda da yawa ke yi don motsin ya yi santsi, to umarni 600,000 ke fita kowace daƙiƙa. Waƙar minti uku hoto 7,200 ce, kuma kowane hoto sai an san abin da kowane ƙwai zai yi a cikinsa.

Ba da hannu ake rubuta su ɗaya-ɗaya ba, amma kuma ba kwamfuta ce ke sauraren waƙa ta yi abin da ta ga dama ba, kamar yadda 'yan kallo kan zata. Mutum ne ke ɗaukar hoton gidansa ya sa a manhaja, ya zana inda kowace igiya take, sannan ya shimfiɗa waƙar ya bi ta gaɓa-gaɓa: nan ganga ta buga, nan goge ya shigo, nan mawaƙi ya ja numfashi. Sai ya ce wa rufi kai ne ganga, tagogi ku ne muryoyi, bakunan da ke bakin hanya ku riƙa gudu daga hagu zuwa dama idan jita ta yi sama. Idan akwai fuskar fitila da ke motsa baki, kowane harafin waƙar sai an daidaita shi da siffar leɓe. Minti ɗaya na kiɗa kan ci sa'o'i da yawa. Kamfanin Light-O-Rama, wanda Williams ya yi amfani da kayansa, yana sayar da manhaja da akwatunan sarrafawa. Akwai kuma xLights da Vixen, waɗanda 'yan sa-kai suka rubuta suke bayarwa kyauta. Idan an gama tsarawa, sai a zuba komai a wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu, Raspberry Pi, a ajiye ta a gareji, ita ce za ta riƙa tayar da wasan da magariba ta kashe shi da dare ko maigida ba ya nan.

Sarauniyar farfajiya ita ce babbar bishiya, wadda ba bishiya ba ce. Dogon ƙarfe ne ake kafawa, igiyoyi su sauko daga ƙololuwarsa zuwa wani zobe a ƙasa, kamar tsaikon jinka kafin a baibaye shi. Da rana ba ta da kyan gani. Da dare sai ta zama majigi: hotuna su zagaya ta, rubutu ya hau ya sauka, sunan gidauniyar da ake tara wa kuɗi ya bayyana tsakanin waƙa da waƙa.

To ina kiɗan yake, tunda mai wucewa a ƙafa sau da yawa ba ya jin komai? Yana cikin motoci. Maigida yana da 'yar na'urar watsa shiri ta zangon FM, ya kafa allo da ke cewa a murɗa rediyo zuwa mita kaza. Dokar Amurka ta yarda da irin wannan ba tare da lasisi ba matuƙar ƙarfinta bai wuce kimanin mita 60 ba. Iyali na zaune cikin ɗumin mota, gilashi a rufe, suna ji suna gani, tsohuwar da ke gidan gaba kuma tana barcinta. A cikin duk dabarun wannan sana'a babu wadda ta fi wannan mutunci, domin ita kaɗai aka ƙirƙira don wanda bai zo kallo ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ta kuɗin wuta, amsar kuma kan ba mutane mamaki. Tsohon babban ƙwan ado wat 7 yake ci. Fiksel ɗaya ko an ƙure masa haske bai kai wat guda ba, kuma kusan babu mai ƙurewa, yawanci kashi 30 cikin ɗari suke tsayawa don kada ya kashe ido. Ga shi kuma a wasan da ke bin kiɗa, a kowane lokaci yawancin fitilun a mace suke suna jiran nasu bugun. Inda kuɗi ke tafiya shi ne kaya: igiyoyi, akwatunan sarrafawa, na'urorin mayar da wutar gida zuwa bolt 12 ko 5, wayoyi masu jure ruwa, da wurin ajiye su duka wata goma sha ɗaya. Akwai kuma abin da jiki ke biya. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a lokacin bukukuwan nan mutum kusan 160 ke jin rauni kullum wajen yin ado, kusan rabinsu faɗowa suke yi.

Duk wannan daga aljihun maigida yake fita. Al'adar da ta kafu tsakanin masu yi don taimako ita ce ba a taɓa ko sisin akwati don sayen ƙwai ko biyan wuta. Abin da aka jefa na gidauniya ne gaba ɗaya.

A Canberra, babban birnin Ostireliya, inda Kirsimeti ke faɗowa a tsakiyar zafi, duhu kuma ba ya yi sai bayan ƙarfe takwas, wani lauya mai suna David Richards da iyalinsa sun shiga kundin bajinta na Guinness a 2011 da fitilu 331,038 a gidansu. A shekarar sun tara dalar Ostireliya 78,000. Kuɗin na ƙungiyar SIDS and Kids ne, mai tallafa wa iyayen da jariransu suka rasu ba zato, sau da yawa cikin barci. Richards bai zaɓe ta da ka ba. A 2002 ɗansu ya rasu yana da wata ɗaya a duniya, ƙungiyar ce ta tsaya musu. Wanda ya san wannan, idan ya sake duban hotunan gidan da wayoyinsa masu tsawon kusan kilomita 50 a shekarar 2013, zai ga wani abu dabam da gasa. Uba ne yake biyan alheri da abin da ya iya.

Gasar ma dai an yi ta. A 2012 iyalin Tim da Grace Gay na LaGrangeville a jihar New York suka ƙwace kambun da fitilu 346,283. Richards ya dawo a 2013 da 502,165. Shekara na zagayowa iyalin Gay suka kunna 601,736, a 2021 kuma suka karya tarihin kansu da 687,000. Su ma da ƙwayaye 600 suka fara a 1995, don murnar haihuwar 'yarsu ta fari. Nasu adon ya kewaye wani tafki da ke cikin filinsu, hasken yana faɗawa ruwa ya ninku, motoci na shiga ta ƙofa ɗaya su zagaya su fita ta ɗaya, rediyo na kawo musu waƙoƙi sama da 200 da aka tsara wa fitilun. Ba a biyan kuɗin shiga. A bakin hanya 'yan kwana-kwanan yankin Union Vale da wakilan wasu ƙungiyoyin taimako ke tsayawa karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma jimillar abin da aka tara cikin shekaru ta haura dala 500,000.

Tsarin nasu ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya warware matsalar da ke kayar da masu kyakkyawar niyya. Kuɗin ba ya bi ta hannun maigida. Wanda zai amfana ko wakilinsa shi ke riƙe da bokitin, mutanen gari sun san fuskarsa, sun san inda ofishinsa yake. Babu mai komawa gida yana tunanin ko dalarsa biyar ta tafi sayen sabuwar igiya.

Ƙananan gidaje da ba su da 'yan kwana-kwana sun nemo tasu hanyar. Akwatin ƙarfe da ake ɗaurewa da sarƙa a kwashe kowane dare shi ne na da, kuma kusan kowace shekara sai an ji labarin inda aka fasa wani. Yanzu da yawa sun koma ga allo mai lambar nan ta murabba'i da ake haskawa da kyamarar waya, ta kai mutum kai tsaye shafin gidauniyar, kuɗi su tashi daga asusunsa zuwa nasu, rasit ya zo masa da sunansa. Wasu kuma ba sa karɓar kuɗi sam: ganga suke ajiyewa a zuba abincin gwangwani, ko kayan wasan yara na shirin Toys for Tots, wanda dakarun ko-ta-kwana na rundunar Marine ta Amurka ke gudanarwa tun 1947. Manyan gidauniyoyi irin su Make-A-Wish, mai cika wa yara masu tsananin ciwo burinsu tun 1980, da asibitin yara na St. Jude da ke Memphis, wanda ba ya karɓar kuɗin magani daga iyaye, suna da ƙa'idojin da mai son amfani da sunansu zai bi, kuma mai hankali tun kafin ya buga allo yake tuntuɓarsu. Richard Holdman na jihar Utah, wanda bidiyon gidansa ya zaga duniya 'yan shekaru bayan na Williams, Make-A-Wish ya riƙa tara wa kuɗi. Tom BetGeorge, malamin kiɗa a Kalifoniya da adonsa na 2014 mai kiɗan fim ɗin Star Wars ya fito da shi, bayan ya koma garin Tracy ya haɗa wasansa da McHenry House, gidan da ke ba iyalai marasa matsuguni mafaka a garin.

Gidauniyar cikin gari tana da wata daraja da ta nesa ba ta da ita. Mai jefa kuɗi yana wuce ginin kullum a hanyarsa ta zuwa aiki, wataƙila ma ya san wanda ya taɓa kwana a ciki.

Sai dai akwatin taimako ba ya goge haƙƙin maƙwabci, kuma a nan ne wasu masu ado ke yaudarar kansu. Mutumin da ya dawo aiki a gajiye ya tarar an toshe masa ƙofa, ko mai jinyar da ke tsoron motar asibiti ba za ta samu hanya ba, ko wanda ya wayi gari ya ga an tattake masa ciyawa an zubar da kofuna, ba shi ya zaɓi gidauniyar ba, ba a kuma nemi shawararsa ba, amma shi ke biyan wani kaso na sadakar da wani ke karɓar yabonta. Idan ya yi magana kuma a ce ba ya son yara marasa lafiya. Wannan zalunci ne, ko da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Labarin Jennings Osborne na Little Rock a jihar Arkansas shi ne wanda masu wannan harka ke tunawa. A 1986 'yarsa ta roƙe shi ya yi wa gida ado, ya sa fitilu 1,000. Attajiri ne, abin ya yi ta girma har ya sayi gidaje biyu na gefensa ya haɗa. Zuwa 1993 fitilun sun haura miliyan uku, titi ya daina motsi. Maƙwabta shida suka kai ƙara, kotu ta taƙaita masa kwanaki da sa'o'i, ya ɗaukaka ƙara har kotun ƙolin jihar, ya faɗi. A 1995 kamfanin Disney ya kwashe kayan zuwa wurin shaƙatawarsa da ke Florida, inda daga baya aka sa su bin kiɗa, suka ci gaba da haskawa har Janairun 2016. A can akwai wurin ajiye motoci da ma'aikatan kula da taro, abin da layin unguwa ba shi da shi. Iyalin Gay ma ba su tsira ba: a Disambar 2023 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda adonsu ya raba kan mutanen yankin, wasu na alfahari da shi, wasu na kukan cunkoso da shara. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harka har da na reshen kusa yake jiƙawa.

Talabijin ta ƙara wa wutar fetur. Tun 2013 tashar ABC ke nuna shirin The Great Christmas Light Fight, inda gidaje ke gasa a ba wanda ya ci dala 50,000, kuma duk gidan da ya fito a ciki ya san abin da ke jiran layinsu.

Waɗanda suka daɗe ana damawa da su, in aka duba, sun fi kashe lokaci a kan titi fiye da kan rufi. Tun watan Oktoba suke zagaya maƙwabta gida-gida, su ba da lambar waya, su ce a kira kowane lokaci. Suna gajarta wasan zuwa minti 15 ko 20 yana maimaituwa, don mota ta gani ta ba wata wuri. Suna rufewa da wuri a daren da yara ke da makaranta washegari. Tsakanin waƙoƙi akwai muryar da aka naɗa tana roƙon direbobi su kashe manyan fitilu, kada su tare ƙofar kowa, kada su juya a harabar mutane, su rage ƙarar rediyo. Wasu kan sanar da 'yan sanda kafin a fara, su nemi 'yan sa-kai masu riga mai ƙyalli su riƙa ba da hannu a daren Juma'a da Asabar. Wasu kuma da gangan suke ƙin ba 'yan jarida adireshi. Akwai ma masu keɓe wani dare da ba walƙiya, fitilu su tsaya cak ko su riƙa sauyawa a hankali, saboda masu farfaɗiya da yaran da hasken da ke ƙyaftawa ke firgitawa.

Al'adar ta fara tsallaka addini. A garin Dearborn na jihar Michigan, inda Musulmi ke da yawa, an shirya gasar ƙawata gidaje da fitilu a azumin 2020, lokacin da annobar korona ta hana taruwa a masallatai, iyalai suka riƙa zagaya unguwanni a mota bayan buɗa-baki suna kallo.

Ga masu adon Kirsimeti kuwa, kakar na farawa ne daga ƙarshen Nuwamba, bayan bikin godiya na Amurkawa, ta ƙare da shigowar sabuwar shekara. Mako biyar ko shida ke nan. Sauran shekarar ba mai ganinta. A Janairu ake sauke igiyoyi da yatsun da sanyi ya sandarar, a naɗe kowace a manna mata lamba don kada a ruɗe baɗi. A farkon shekara ake haɗa kuɗi da sauran masu sha'awa a yi odar fiksel daga China a farashin sari. Da zafi ya shigo, maƙwabta na shan iska a waje, maigida na ɗaki da abin ji a kunne yana maimaita daƙiƙa goma na waƙar hunturu sau hamsin. A Oktoba tsani ya fito.

Kafin duk wannan akwai wani ɗan aiki na makon farko na Janairu. A ƙirga abin da aka tara, a kai wa gidauniya, a karɓo takardar shaida, a rubuta adadin a allon da ke bakin titi inda aka saba rubuta mitar rediyo, a bar shi 'yan kwanaki don duk wanda ya jefa wani abu ya gani. Daga nan maigida ya ɗauki faranti na biskit ɗin da aka gasa a gida, ya tsallaka titi, ya ƙwanƙwasa ƙofar mutumin da motoci suka fi tare wa hanya, ya tambaye shi abin da za a gyara kafin Nuwamba.